Zane Uku a Bayan Shaho

A bayan tirela motar ta iso Maraɗi, lulluɓe da tamfol, bayan kwana tara a hanya daga bakin teku. Sai da direban ya ja da baya sau huɗu kafin ya iya shiga filin sayar da motoci na Hajiya Tsahara, domin 'yan kabu-kabu sun riga sun toshe ƙofar, kowa yana miƙa wuya. Da aka yaye tamfol ɗin, wurin ya yi tsit. Ja ce, ja irin na busasshen barkono, mai ƙofa biyu da kujera biyu, ta lafe da ƙasa kamar kada a bakin gulbi. Tsakanin cikinta da ƙasa da ƙyar tafin hannu zai shige.

"Wannan ai ba mota ba ce," in ji wani ɗan kabu-kabu. "Takalmin amarya ne aka sa wa taya."

Kowa ya fashe da dariya, ban da Kyauta. Ita zagaya motar take yi a hankali, hannunta na bin layin jikinta ba tare da ta taɓa fentin ba. Shekara uku ta yi a Yamai tana karatun zanen injuna, kuma tun kafin nan take zana irin wannan mota a bayan littattafanta na lakwal, wato makarantar boko. Ta san dalilin da ya sa hancin ya sunkuya. Ta san ramukan gefe ba ado ba ne, ta nan injin da ke bayan direba yake shan iska. Babu layi ɗaya a jikin motar da aka ja don wasa. Amma a filin Hajiya ba wanda ya taɓa tambayarta wannan. Aikinta shi ne ta ɗauki hotunan motoci, ta rubuta musu kalmomi masu daɗi, ta watsa a salula, ta amsa wa masu saye da Faransanci. Ko sunanta ma ba a bar mata ba. Ranar da aka ɗauke ta aiki, Hajiya ta dubi takardunta ta ce, "Kyauta? A'a, 'yar nan. Mu nan sayarwa muke yi. Kada mai saye ya ji ina kiran Kyauta ya zaci motocin nake rabawa. Daga yau ke Raihanatu ce." Ta amsa, domin aiki a Maraɗi ba ya ƙwanƙwasa ƙofar mutum kullum, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa sa hannu da sunan ba.

Ita ta fara ganin aibin. A kan hancin motar, inda ya kamata tambarinta ya zauna, wato shahon azurfa mai buɗaɗɗun fuka-fuki, babu komai sai ƙananan huda biyu. Wani ya ɓalle shi a hanya.

Abdurrazak, ɗan Hajiya tilo, shi ya nace aka sayo motar don bikin buɗe sabon shagonsu mai bangon gilashi, saura kwana goma. Da Kyauta ta nuna masa hudojin, ya dafe kai.

"Inna lillahi! Ku mayar da tamfol, maza! Kada Hajiya ta ji." Ya buga waya nan, ya buga can. Kowa amsa ɗaya yake ba shi: wata biyu kafin sabon tambari ya iso daga Turai. "Raihanatu, ke da kika yi karatu, gaya mini. Wa zai kalli motar nan ba shaho?"

"Gudunta yana nan, injinta yana nan."

"Wa ke ganin inji? Mutanenmu shahon suke saye. Mota ba tambari ai Alhaji ne ba hula."

Kyauta ta sake duban hudojin, sannan ta ce, "Ba ni mako ɗaya. Na san wanda zai yi shi."

Bai tambayi ko wane ne ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Kwana uku ta yi tana sassaƙa shahon da itace, tana auna kowane gashin fiffike da hotunan da ta fitar. A rana ta huɗu ta hau kabu-kabu zuwa Sabon Gari, can ƙarshen wani lungu inda hayaƙi ke tashi daga wata rumfar kwano. Nan ubanta, Gambo mai zubin tukwane, ya shekara arba'in yana aiki. Kullum da safe yakan taso daga garinsu Tsibiri a kan tsohon babur, ya narka gwangwanaye da tsofaffin sassan injuna, ya zuba su cikin yashi su fito tukwane. Azne ne, addinin iyayensa yake bi, duk shekara yakan yanka jan zakara a bakin wutarsa. Maƙwabta sun sani. Suna tsokanarsa, yana ramawa, matansu kuma tukwanensa suke saye.

A gindin kowace tukunya tasa akwai alama: zane uku a jere da ɗigo ɗaya a ƙasa, irin tsagen da ke kumatunsa. Ubansa Rabo maƙeri ne ya fara buga ta a kan fartanya. Daga Tsibiri har bakin iyaka, mace ba ta taya tukunya sai ta kifa ta ta nemi zanen nan. Gambo ba shi da shanu, gonarsa ba ta ciyar da gida wata biyar. Zane ukun nan su ne duk abin da ya mallaka, kuma su suka kai Kyauta Yamai.

"Baba, sannu da wuta."

"A'a, madmazel ce yau a cikin toka? Ku share mata wuri, kada takalmin ya ɓaci." Ya karɓi itacen, ya juya shi, ya nesanta shi da idonsa. "Wannan fa? Kazar wa ta sha ruwan sama?"

"Shaho ne, Baba."

"Shaho! Shaho in zai faɗa wa ɗan tsako ba ya buɗe fiffike haka, naɗe su yake. Kawo wuƙa in gyara miki."

"Kada ka taɓa shi! Haka masu motar suka zana shi."

"To, gaya musu Gambo ya ce ba su taɓa ganin shaho ba."

Yana faɗa yana tankaɗe yashi mai laushi da ba ya amfani da shi sai a aikin da ya ɗauka da girma. Zubin farko ya fito da ƙuraje. Na biyu bakin shahon bai cika ba. Ya mayar da su wuta. A karo na uku, kafin ya haɗa akwatunan yashin biyu, hannunsa ya tafi da kansa ya ɗauko ɗan ƙarfen da yake danna alamarsa da shi. Sai ya tsaya, ya dube shi, ya ajiye.

"Me ya sa ka ajiye?" in ji Kyauta.

"Wannan sunan wasu ne a gabansa. Ba a haɗa suna biyu a kan abu ɗaya."

"Su suka hura wutar? Sa, Baba. A baya, inda zai manne da jikin motar. Ba mai gani."

"In ba mai gani, mi ne amfaninsa?"

"Ni zan sani." Ta durƙusa kusa da shi, zanenta na shafar toka. "Baba, motar nan tana cin kilomita ɗari uku a awa ɗaya. Shekara arba'in zanenka yana zaune a kan murhu yana shan hayaƙi. Ina so ko sau ɗaya ya shiga gaba, ya yi gudun da duk Maraɗi babu mai kamo shi."

Gambo ya yi dariya har da tari. "Ke dai da girman kan kakarki kika zo duniya." Ya ɗauki ƙarfen, ya danna shi cikin yashin.

Kwana biyu Kyauta ta yi tana goge shahon, har ta ga idonta a cikinsa.

Ranar bikin, manyan garin suka cika shagon gilashin. Abdurrazak ya gaya wa uwarsa tambarin sabo ne, a jirgi ya iso. Kyauta na tsaye da na'urar hoto sa'ad da wani attajiri daga Katsina ya sunkuya, ya shafa fiffiken da ɗan yatsa, ya juya wa abokinsa ya ce, "Dubi aiki, don Allah. Bature dai a bar shi da hannunsa." Sai da ta ciji leɓe don kada dariya ta ƙwace mata. Da yamma ta je Sabon Gari ta gaya wa ubanta, ya sa ta maimaita sau uku.

Kafin mako ya zagayo, a duk garin, Shaho ake kiran motar. Hotunanta sun kai Kano, sun kai Yamai. Sai Abdurrazak ya ce hoto bai isa ba, bidiyo yake so, motar tana gudu, a kan hanyar Jiratawa inda lambuna suka yi kore.

"Jiya an yi ruwa," in ji Kyauta. "Ruwa yana janyo yashi ya zuba a kan kwalta. Tayoyin nan ba a yi su don yashi ba, kuma hancinta ƙasa yake. Ga amalanken jakai. Mu jira, ko ka tsaya a tamanin, ni na san yadda zan sa ta yi kamar tana tashi sama."

"Tamanin? Ai kabu-kabu ma zai wuce ni ya yi mini gwalo. Madmazel Raihanatu, hoto aka ɗauke ki ki yi ko wa'azi?"

Da hantsi suka isa. Ta tsaya a gefen hanya, kusa da wata 'yar kwana, ta ɗaga salula. Ya wuce sau ɗaya, ƙarar injin ta tashi tsuntsaye daga lambun albasa. Ya wuce na biyu. Duk da tsoron da ke cikinta, ƙirjinta ya cika, domin ta ga shahon yana walƙiya a gaba, yana tsaga iska, kuma ita kaɗai ta san abin da ke bayansa. A karo na uku ya taho da gudun da ya fi na baya. Ta ga tayoyin gaba sun hau yashin. Ta ga wutsiyar ta juyo ta zama gaba. Motar ta bar kwalta, ta yi juyi biyu, ta daki gindin wani gawo da gefen direba.

Masu lambu ne suka zo da gatari da fartanya suka ɓalle ƙofar. Abdurrazak bai mutu ba. Amma ƙafafunsa sun murƙushe, kuma bayan kwana biyu aka ɗauke shi a jirgi zuwa ƙasar waje.

Idirisa, babban makanikin filin, shi ya je kwaso tarkacen. Ya tsinci shahon a cikin yashi, ya lanƙwashe amma bai karye ba. Ya kai shi gidan Hajiya, falo cike da masu jaje, ya miƙa mata. Hajiya ta juya shi a hannu, ta ga zane uku da ɗigo.

"Wannan fa, rubutun Turawa ne?"

Salima, mai dafa abincin gidan, tana ajiye tire ta leƙo. "Lah, Hajiya! Ai irin na gindin tukwanenmu ne. Na Aznen nan ne na Sabon Gari."

Kafin la'asar maganar ta fita daga falon, ta shiga kasuwa, ta hau bayan kowane kabu-kabu. An binne asiri a hancin motar ɗan Hajiya. Wani abokin gaba ne ya biya Azne ya yi. In ba haka ba, me zanen Azna yake yi a ɓoye a jikin motar Turai?

Washegari Hajiya ta aika a zo da Gambo. Kyauta na cikin falon, ta kawo takardun da za a sa wa hannu, sai ta ga ubanta a bakin ƙofa. Ya sa rigarsa ta zuwa suna, amma ko ita akwai hudar tartsatsi a hannunta. Ya cire takalmi, ya tsuguna a inda kafet ya ƙare. Idonsa ya wuce ta kan ɗiyarsa kamar yadda zai wuce ta kan labule.

Hajiya ta rame cikin kwana huɗu, idanunta sun kumbura. Ta jefa shahon gabansa.

"Aikinka ne?"

"Nawa ne, ranki shi daɗe."

"Wa ya sa ka?"

"Aiki aka kawo mini, na yi. Zanen kuwa alamar gidanmu ce, ba ta da wani abu. Shekara nawa kina cin tuwo a kanta."

"Na ce wa ya kawo maka?"

Gambo ya dubi kafet. "Wata yarinya ce. Ban san ta ba, ban tambayi sunanta ba."

Kyauta ta ji maganar ta shige ta kamar ruwan zafi. Ta gane abin da yake yi. Yana ba ta hanya ta tsaya inda take, da takardunta, da albashinta, da teburinta a shagon gilashi. Ta ajiye takardun a kan kujera, ta taka ta tsallake kafet ɗin, ta tsaya kusa da shi.

"Ni ce yarinyar, Hajiya. Wannan ubana ne."

Hajiya ta zuba mata ido. Kyauta ta ci gaba.

"Tambarin motar an sace shi a hanya. Abdurrazak ya sani, shi ya ce kada ki ji. Ni na sassaƙa, Baba ya zuba. Ya ƙi sa alamarsa, ni na matsa masa. Ba asiri ba ne ya kayar da motar, yashi ne da gudu. Na gaya masa kafin ya hau. Komai yana cikin salular nan, in kina so ki gani."

"In gani?" Muryar Hajiya ta tsinke. "In zauna in kalli ɗana yana karyewa? Ɗa ɗaya Allah ya ba ni. Jiya likita ya ce mini ba zai ƙara taka ƙasa da ƙafarsa ba, ke kuma kin zo kina gaya mini laifinsa ne?"

"Ban zo in ƙara miki ciwo ba, Hajiya. Amma ba za a ɗora shi a kan ubana ba."

"Na ɗauke ki, na ba ki wuri, na ba ki suna irin na mutane. Ashe 'yar masu yanka zakara nake ajiye da ita a cikin dukiyata."

"Da sunana na zo. Ke kika ce bai dace da shagonki ba."

"Kyauta," in ji Gambo a hankali, "ya isa. Uwa ce."

Hajiya ta juya ga Salima. "Duk tukunyar da ke da zanen nan a gidana, a fitar da ita. Yanzu."

Suna fita daga ƙofar gidan tukwanen suka biyo su. Guda bakwai, manya da ƙanana, aka wurgo su kan titi, suna gangarawa suna ƙara. Gambo ya tsaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsincewa. Ya ɗaga wata babba, ya duba gindinta, ya ce, "Wannan tun shekarar da aka haife ki. Dubi, ko tsagewa ba ta yi ba." Kyauta ta ɗora uku a ka, da takalminta mai tsini, ta ratsa unguwar masu kuɗi ba ta sunkuyar da ido ga kowa ba. Sai da suka shiga lungun Sabon Gari hawaye suka zubo mata.

Jandarmomi, jami'an tsaron da suka binciki haɗarin, sun rubuta a takardarsu cewa gudu ne ya wuce kima. Ba wanda ya karanta. Abdurrazak, daga gadon asibitinsa, bai ce ƙala ba, kuma Kyauta ta kasa gane ko kunya ce ko ciwo ya hana shi. 'Yan kasuwar da suke sarin tukwanen Gambo suka fara aiko da uzuri. Wani ya ce kaya sun yi masa yawa. Wani ya maido da dozin biyu a amalanke, ya ce mata suna kifa tukunya, da sun ga zanen sai su yi a'uzu su ajiye. Wata maƙwabciya da ta shekara ashirin tana aiko masa da fura ta daina. Mai shayin bakin lungu, wanda kullum yake ce masa "Azne, yaushe za ka yi wanka mu kai ka masallaci?" yanzu sai ya ce "Sannu, Malam Gambo," ya kau da kai. Wannan gaisuwar ta fi komai yi wa tsohon ciwo.

Kyauta ta nemi aiki a filayen motoci uku. A na ukun mai wurin ya ce, "Ke ce ta wurin Hajiya? Allah ya ba da sa'a a gaba."

Wata rana ta zo rumfar da salula a hannu. "Baba, zan saki bidiyon. Mutum dubu arba'in ne suke bin abin da nake sakawa. Kafin azahar duk Maraɗi za ta ga yashin da idonta."

"A cikinsa ana ganin yaron?"

"Ana ganin motar."

"Ana jin kukansa?"

Ta sauke salular.

"To, ba za ki wanke ni da jinin ɗan mutane ba. Uwarsa tana da salula ita ma."

"Su sun tausaya maka?"

"Ban tambaye su ba."

Ta fita a fusace, ta yi tafiya a ƙasa har bakin babbar kasuwa, yatsanta na kan madannin. Ba ta saki ba. Ba ta kuma goge ba.

Damina ta wuce, aka yanke gero. Tukwane suka taru a bayan rumfar har suka kai rufi. Kyauta ta koma Tsibiri da zama, tana koyar da 'ya'yan mutane lissafi a zaure, ranar kasuwa kuma ta kwashi tukwane ta baza. Mutanen ƙauye ba su damu da maganar birni ba, amma su nawa ne, kuma tukunyar Gambo ba ta mutuwa balle a sake saye.

Ranar wata Talata ta shiga rumfar ta tarar ya yi sabon zubi, guda goma sha biyu, an jera su suna shan iska. Ta yi murna ta ga wutar ta tashi. Ta ɗauki ɗaya, ta kifa ta kamar yadda kowa yake yi. Gindin sumul yake. Ta ɗauki ta biyu. Ta ɗauki ta uku.

"Baba, ka manta alamar."

"Ban manta ba."

"Ina ƙarfen?"

Yana tankaɗe yashi, bai ɗago ba. "Na mayar wa Rabo abinsa. Jiya na je inda yake kwance, na tona, na sa masa. Shi ya ba ni shi da tsabta, ban iya riƙe shi da tsabta ba."

"Ba ka yi komai ba! Ni ce na ce ka sa. Ni ce!"

"Ke kika ce. Hannuna ya danna."

"Zan je in tono shi."

"Ba za ki taɓa kabarin kakanki ba." Sai yanzu ya dube ta. Ta ga idanunsa sun faɗa, tsagen kumatunsa sun nutse cikin fata. "Ɗiyata, akwai bakuna shida a gidan can. Wani ɗan kasuwa ya ce in babu zanen zai ɗauka, ya ce wa mata daga Kano aka kawo. To, su zama na Kano. Wuta ba ta san sunan kowa ba."

"Ni na sani."

"Haka kika ce a wancan karon ma," in ji shi, ba da faɗa ba. Ya ci gaba da tankaɗe.

Ɗan kasuwar ya ɗauki takwas. Huɗun da suka rage Kyauta ta kai su kasuwar Tsibiri, domin tsofaffin masu zane sun ƙare a wurinta, sauran kuma ubanta ya fara mayar da su wuta. Ta shimfiɗa buhu tsakanin mai daddawa da mai igiyoyi, ta jera su.

Rana ta take sa'ad da wata tsohuwa ta tsaya, da ƙullin kuɗi a bakin zane. Daga ganin ƙurar ƙafarta, daga nesa ta taso.

"'Yan mata, nan ne ake sayar da na Gambo? Jikata za ta tare, na ce ba zan kai ta da tukunyar banza ba."

"Nan ne, Inna. Zaɓi."

Tsohuwar ta tsuguna, ta ɗauki babbar, ta auna nauyinta, ta kifa ta. Ta shafa gindin da babban yatsa. Ta karkata shi wajen rana, ta sake shafawa.

"Wannan ba tasa ba ce."

"Tasa ce, Inna. Jiya ya zuba ta, ni na ɗauko ta daga rumfarsa."

"Ke, yarinya, ina da tukunyar Gambo tun kafin uwarki ta yi wayo. Zane uku da ɗigo. Ina suke?"

"Ya daina sawa."

"Gambo ya daina sa zanen ubansa?" Tsohuwar ta yi 'yar dariya. "Ku 'yan birni ba ku jin kunyar tsofaffi."

"Wallahi tasa ce. Ni ɗiyarsa ce, Kyauta."

Tsohuwar ta ɗago, ta ƙura wa fuskarta ido, kunci na dama, kunci na hagu. Kyauta ba ta da tsage. Ubanta ne ya hana wanzami taɓa ta tun tana jaririya, ya ce wannan lakwal za ta.

"Ke ma ba ki da shi," in ji tsohuwar. Ta ajiye tukunyar a hankali, ta dafa gwiwa ta miƙe. "Bari in ƙara gaba, ko Allah zai sa in dace da ta gaske."

Kyauta ta bi ta da kallo har ta ɓace cikin masu gero. Ta mayar da tukunyar cikin layi. Mai daddawa ta matso ta ce, "Da kin ce mata ta Kano ce, da ta saya."

"Ba ta Kano ba ce."

Ta gyara zama a kan buhun, ta goge ƙurar da yatsun tsohuwar suka bari. Ta ɗauki murfi, ta buga shi a bakin tukunyar har ƙarar ta sa mutane juyowa, ta ɗaga murya yadda ba ta taɓa yi ba a shagon gilashi.

"Tukwanen Gambo! Ga tukwanen Gambo na Sabon Gari!"

Wasu suka tsaya, suka kifa, suka ajiye. Ta ci gaba da kira har kasuwa ta watse.